Daga Gangar Gayya Zuwa Saƙon Waya: Tarihin Fito da Samari Zaɓe a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ba sa kaɗa ƙuri'a ranar zaɓe ba ƙin zaɓen suka yi da gangan ba. Niyyar tana nan, sai dai wani ƙaramin abu ne kan gitta tsakaninsu da akwati, kamar mantuwa, ko nisan rumfa, ko rashin abokin tafiya, ko zaton cewa tsaransu ma ba za su fita ba. Dabarun da ake bi a cike wannan giɓi ba tare da an tilasta wa mutum ko an biya shi ba su ne zunguri, wato ɗan abin da zai tunatar da mai niyya, ko ya sauƙaƙa masa hanya, ko ya nuna masa cewa abokansa sun riga sun yi gaba, alhali zaɓin fita ko zama yana nan a hannunsa. Masana biyu 'yan Amurka, Richard Thaler da Cass Sunstein, su suka fito da wannan tunani fili a littafin da suka wallafa a 2008, har Thaler ya sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2017. Amma wanda ya bi tarihin siyasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda tare da Maru suka haɗu suka zama mazaɓar sanatan Zamfara ta Tsakiya, zai tarar aikin ya girmi littafin da shekaru masu yawa, kuma tarihin ya nuna ƙarara inda dabarar take ci da inda take gazawa.

Tun kafin zuwan akwatin zaɓe, karkarar Zamfara tana da tsarinta na fito da samari aikin da ba a biyan kowa lada a kansa. A gayya, wato noman haɗin gwiwa da ake yi wa suruki ko dattijo ko basarake, sarkin samari ne ke tsayar da rana ya sanar tun da wuri, makaɗan noma kuma su zo da gangunansu su bi manoman kunya-kunya, suna wasa wanda ya yi gaba da kirarinsa, suna yi wa wanda ya noƙe habaici a gaban 'yan matan da suka kawo fura. Abin da ke tayar da saurayi daga shimfiɗarsa tun da asuba ba tsoron dogari ba ne. Ya san za a lura da rashinsa, kuma ya riga ya amsa a gaban abokansa cewa zai zo. Rana sananniya, da alkawarin da aka yi a gaban tsara, da idon jama'a, su ne jarin da jam'iyyun siyasa suka gada ba tare da sun sha wahalar ƙirƙiro shi ba.

Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, ta canza kama bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanonin sayen gyaɗa da auduga sun buɗe rumfunansu, baƙi sun kwararo daga Kano da Katsina da kudancin ƙasar, garin kuma ya cika da teloli da 'yan tebur da leburori da 'yan kamasho, samarin da ke cin guminsu nesa da idon mahaifi da na dagaci. Muhimmancin wurin ne ya sa aka zaunar da Ahmadu Bello a can bayan naɗa shi Sardauna a 1938, domin ya kula da gundumomin gabas na En'e ta Sakkwato. Saboda haka, da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, Gusau da Ƙaura Namoda ne suka zama wuraren da adawa ta fi samun gindin zama a Lardin Sakkwato, musamman a tsakanin ƙananan 'yan kasuwa da mabiya ɗariƙar Tijjaniyya.

Kayan aikin wancan zamani ba su da tsada. Akwai lacca, wato taron siyasa na fili da ake yi da yamma. Akwai waƙoƙin jam'iyya da yara ke haddacewa su kai su har cikin gidajen da mai lacca ba zai iya shiga ba. Akwai kuma gaisuwa ta musamman, ɗan NEPU ya ce "Sawaba", ɗan NPC ya ce "Salama", ta yadda duk haɗuwa a tasha ko a mahauta takan zama tunatarwa ga mutum cewa yana da 'yan'uwa masu sa ran ganinsa ranar zaɓe. NEPU ta tsara matasanta a ƙarƙashin Rundunar Samarin Sawaba. Abin lura shi ne yawancin waɗannan samari ba su da ikon jefa ƙuri'a, domin sai namiji ɗan shekara 21 ke da wannan dama, amma su ne ƙafafun jam'iyya da muryarta. Tasirinsu ya kai har gwamnatin Jihar Arewa ta sanya a dokar yara da matasa ta 1958 cewa haramun ne wanda bai kai shekara 16 ba ya shiga harkar siyasa, kuma da aka ƙalubalanci dokar a shari'ar da aka sani da sunan Cheranci a 1960, kotu ta bar ta yadda take.

Zaɓen 1951 na hawa-hawa ne, ƙauye ya zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi na gunduma, har a kai lardi, don haka talaka bai ga inda ƙuri'arsa ta ƙare ba. Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 ne ya kai ƙuri'ar kai tsaye kuma ta sirri ko'ina a Arewa. Mai zaɓe yakan karɓi takardarsa daga hannun malamin zaɓe, ya shiga bayan shinge shi kaɗai, ya tarar da akwatuna a jere, kowanne da alamarsa a jiki, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, ya jefa a wanda yake so ya fito. Alamar nan ita ce zunguri mafi nasara a tarihin zaɓen Arewa, domin ta cire wa wanda bai yi boko ba kunyar tambaya, ta mayar da zaɓe abin da manomi zai yi da idonsa ba tare da tafinta ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista a Arewa sun fito a wannan zaɓe, adadin da ba a sake ganin irinsa ba. Sai dai kuskure ne a jingina wannan duka ga waƙa da alama. Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun sa ido a kan talakawansu, izinin yin lacca yana hannun En'e, 'yan doka da kotunan alƙalai kuma sun sha tsare 'yan adawa a kan laifuffukan da kowa ya san na siyasa ne. Mutumin da ya fita don kada a ƙara masa haraji ko a ƙwace masa gona tura shi aka yi, kuma wannan bambanci tsakanin zunguri da tursasawa shi ne ma'aunin da ya kamata a auna duk abin da ya biyo baya da shi.

Tsarin mulkin 1979 ya sauko da shekarun zaɓe zuwa 18, matan Arewa kuma suka shiga zaɓen tarayya a karon farko, ta yadda yawan masu ikon zaɓe a garuruwan nan uku ya ninka. An jera zaɓuɓɓuka biyar tsakanin 7 ga Yuli da 11 ga Agusta, gidan Rediyon Kaduna da kaset-kaset na mawaƙa suka ɗauki aikin da lacca ke yi a da, NPN ta Shehu Shagari ta kafa gwamnati a Jihar Sakkwato, GNPP ta Waziri Ibrahim ta zama babbar abokiyar hamayyarta. Duk da haka, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne kawai suka fito zaɓen shugaban ƙasa, abin da ya nuna cewa buɗe ƙofa daban, shigar mutane daban.

Gwajin da ya fi kowanne koyar da darasi a kan ƙarfin idon jama'a shi ne na zamanin Janar Babangida. Gwamnati ta kafa hukumar wayar da kai ta MAMSER a 1987, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP mai doki da NRC mai mikiya, ta gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma, hukumar zaɓe ta Humphrey Nwosu kuma ta kawo tsarin da Hausawa suka laƙaba wa suna ƙato bayan ƙato. A zaɓen gwamnoni na Disamba 1991, wanda Yahaya Abdulkarim ɗan Talata Mafara ya lashe a Jihar Sakkwato a ƙarƙashin NRC, babu shinge, babu takarda. Bayan tantancewa, akan kafa hotunan 'yan takara a fili, kowa ya je ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, malamin zaɓe ya bi layi yana ƙidaya da ƙarfi jama'a na amsawa. Saurayin da ya zo yana ganin layin da mahaifinsa ya tsaya, da na maigidansa na kasuwa, da na malamin da ya karantar da shi, su ma suna ganinsa. Tsarin ya rage cusa takardun bogi, amma ya sa wanda ke cin abinci a hannun wani ya zaɓi ɗayan biyu, ko ya bi layin ubangidansa ko ya yi zamansa a gida. Wani bincike da Alan Gerber da Donald Green da Christopher Larimer suka yi a jihar Mishigan ta Amurka a 2006 ya nuna fuskar da ta dace ta wannan ƙarfi: gidajen da aka aika wa wasiƙa mai nuna waɗanda suka yi zaɓe da waɗanda ba su yi ba a cikin maƙwabtansu sun ƙaru da kusan mutum 8 a kowane 100 wajen fitowa. A can, abin da maƙwabci ya sani shi ne ko mutum ya fita. A ƙato bayan ƙato, har wanda mutum ya zaɓa ya sani, kuma a nan ne zunguri ya tsallake iyakarsa. Soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuwa ya koya wa samarin da suka fara zaɓe a lokacin cewa ana iya kammala ƙidaya a share ta.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama hedikwata, kujerar gwamna ta matso kusa da talakan Tsafe da na Bunguɗu fiye da yadda take a Sakkwato. Bayan nasarar Ahmad Sani Yarima a 1999 da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba na shekarar, mumbari da wa'azi suka zama manyan kafofin kiran jama'a zaɓe, domin malamin da ya ce wa almajiransa ƙuri'a amana ce ya ba su dalilin fita wanda ya fi alkawarin ɗan takara nauyi. A daidai wannan zamani ne kuma kuɗi suka yi kaka-gida a harkar. Rabon babura ga 'yan kabu-kabu, da atamfa da sabulu da taliya ga mata, da ɗaukar samari aikin bangar siyasa, duk sun fito da mutane rumfa, amma sun koya wa tsara guda cewa ƙuri'a haja ce, wanda bai sami mai saye ba kuwa ba shi da dalilin tsayuwa cikin rana. Bangar kanta korar masu zaɓe take yi. Paul Collier da Pedro Vicente sun bi wani gangamin ƙin tashin hankali da ƙungiyar ActionAid ta gudanar a jihohi shida, ciki har da Kaduna da Filato, gabanin zaɓen 2007, da tarurrukan unguwa da wasan kwaikwayo na dandali, suka tarar cewa inda tsoro ya ragu, fitowar jama'a ta ƙaru.

Tsakanin 2011 da 2015 aka ga zunguri mafi tsabta da samarin Arewa suka runguma. Hukumar zaɓe ta INEC a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta sabunta rajista da ɗaukar hoto da zanen yatsu a 2011, sannan ta kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi a 2015, mallakar katin kuma ta zama abin tinƙaho a majalisun samari, wato dandalin hira na bakin titi da na teburin mai shayi, inda wanda ba shi da kati kan rasa bakin magana idan an shiga gardamar siyasa. Taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" ya bazu a bakin matasa, kuma ƙarfinsa yana cikin yadda ya rarraba ranar zaɓe zuwa ayyuka sanannu: a jefa ƙuri'a, a tsaya a ƙidaya, a bi sakamako har wurin tattarawa. Bincike ya goyi bayan hikimar da ke ciki, domin David Nickerson da Todd Rogers sun nuna a jihar Pensilbaniya a 2008 cewa tambayar mutum ƙarfe nawa zai fita, daga ina zai taso, me zai yi kafin nan, ta ƙara fitowar waɗanda aka yi magana da su da kusan mutum 4 a kowane 100. Haka nan gwajin da Gerber da Green suka yi a garin New Haven a 1998 ya nuna cewa sallama a ƙofar gida, ido da ido, ta fi wasiƙa da bugun waya tasiri nesa ba kusa ba. Har gwajin da Facebook ya yi a kan mutum miliyan 61 a zaɓen Amurka na 2010 ya tarar saƙon ya ci ne a inda aka haɗa shi da hotunan abokan mutum da suka riga suka yi zaɓe.

A ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, abin da ya ba saurayi damar ganin sa'ansa a takardar zaɓe. Shekara guda bayan haka, Zamfara ta gamu da abin da babu wata jiha da ta taɓa gamuwa da irinsa kafin nan. Rikicin zaɓen fid da gwani na APC, tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na su Sanata Kabiru Marafa ɗan ƙasar Tsafe, ya kai Kotun Ƙoli, wadda ranar 24 ga Mayu 2019 ta yanke cewa jam'iyyar ba ta da halaltattun 'yan takara, don haka ƙuri'un da aka ba ta sun tashi a banza. Ƙuri'u 534,541 na ɗan takararta na gwamna suka zube, Bello Matawalle na PDP mai 189,452 ya hau kujera. Hukuncin yana da hujjarsa a doka, kuma laifin na shugabannin jam'iyya ne da suka kasa bin ƙa'idarsu, amma ɗan shekara 19 da ya wuni a layi a Tudun Wada ta Gusau ko a Kwatarkwashi ba shi ya yi laifin ba, shi ne kuma ya biya. Duk mai tunatar da irin wannan saurayi cewa ƙuri'arsa 'yancinsa ce dole ya fara amsa tambayar abin da ya sami wadda ya jefa a baya. An ga makamancin haka a Kenya a 2013, inda hukumar zaɓe ta aika wa masu zaɓe kusan miliyan biyu saƙon waya: fitowa ta ɗan ƙaru, amma da na'urorin hukumar suka gaza ranar zaɓe, amincewar waɗanda suka sami saƙon da ita ta ragu, domin an ɗaga musu rai sannan aka saɓa musu.

Gabanin zaɓen 2023, INEC ta yi gyare-gyaren da suka dace da ma'anar zunguri sosai. A 2021 ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846 domin rage nisa da cunkoso, ta buɗe fara rajista ta intanet a watan Yuni na shekarar, ta kuma kawo na'urar BVAS mai tantance mutum da yatsa ko da fuska. Matasa sun amsa, domin kusan kashi 40 cikin 100 na masu rajista miliyan 93.4 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Amma a Zamfara, cikin Satumba 2021, ana tsakiyar wannan rajista, aka katse layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura, wato waya da kasuwa da kabu-kabu, hanyoyi ukun da labari ke bi ya isa ga saurayin ƙauye, suka toshe lokaci guda. Ga shi kuma katin yana buƙatar tafiya biyu, ta rajista da ta karɓa bayan watanni, a kan hanyoyin da mutum ba ya bi sai da dalili mai ƙarfi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙara wa tafiyar nauyi. A faɗin ƙasa, kusan kashi 27 cikin 100 ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa, mafi ƙanƙanta tun 1999. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Dauda Lawal ɗan Gusau ya kayar da gwamna mai ci, Matawalle, da ƙuri'u 377,726 a kan 311,976, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a Janairu 2024, kuma wannan ya dawo wa matasa da yawa da yaƙinin cewa ƙuri'a tana iya sauke mai mulki; amma ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu a haɗe ba su kai 700,000 ba, daga cikin masu rajista fiye da miliyan 1.9.

Wani ɓangare na waɗanda ba a gani a rumfa ba suna nan a garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, sun baro ƙauyukansu saboda hare-hare, katunansu kuwa suna ɗauke da lambar rumfar da suka baro. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a yi iya ƙoƙari kada a hana wanda bala'i ya raba da gidansa yin zaɓe, INEC kuma tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, sai dai tsarin ya fi sauƙin aiki a inda akwai sansani sananne, alhali da yawa daga cikin masu gudun hijirar Zamfara suna raɓe ne a gidajen dangi da kangaye. Wanda yake son sauya rumfa dole ya nemi hakan tun kafin a rufe rajista, watanni kafin zaɓe, a lokacin da babu ɗan takarar da ke yawo da lasifika, kuma saurayin da ke neman abin da zai ci a ranar ba kasafai yake sanin wa'adin ba sai ya wuce.